Nana Asma'u 'Yar Shehu: Macen Da Sauyin Zamani Bai Karya Mata Zuciya Ba

  Yau ba zancen girki ko renon yara na zo muku da shi ba. Labarin wata baiwar Allah ne, wadda ta bar duniya fiye da shekara 150 da suka wuce, amma har gobe ba a daina ambatonta ba. Ita ce Nana Asma'u, 'yar Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansu da rahama.

Ga abin da ya sa na ɗauko labarinta. A farkon zangon karatun nan an kawo mini wata yarinya ajina, wadda iyayenta suka gudo daga ƙauyensu da tsakar dare saboda 'yan bindiga. Ba littafi, ba fensir, takalmin ƙafarta ma na aro ne. In an yi mata magana sai ta sunkuyar da kai, in an bugo ƙofa da ƙarfi sai ta zabura. Shekarunta ba su wuce 11 ba. Na koma gida na kasa mantawa da ita, sai na tuna cewa ai kusan shekarun Nana Asma'u ke nan sa'ad da aka tashe su daga garinsu.

Galibinmu in an ambaci Nana Asma'u, abin da ke zo mana a rai shi ne wata 'yar gata zaune a kan buzu, littattafai sun kewaye ta, hankalinta kwance. Ba haka al'amarin yake ba. Wannan mata ta ga gudun hijira, ta ga yunwa, ta ga yaƙi har ƙofar gida, ta kuma rabu da masoyanta ɗaya bayan ɗaya. Duk da haka zuciyarta ba ta karye ba. To, ina sirrin yake? Ku biyo ni mu gani.

HAIHUWARTA DA TASHINTA

An haifi Nana Asma'u wajen shekarar 1793 a Ɗagel, wani ƙauye na ƙasar Gobir ta wancan zamani, wanda yanzu yake cikin Jihar Sakkwato. Sunan mahaifiyarta Maimuna. Tagwaye aka haife su, ita da ɗan'uwanta Hassan. Kun san bisa al'ada da Usaina za a kira ta, amma sai Shehu ya raɗa mata Asma'u, sunan 'yar Sayyidina Abubakar, wadda ta riƙa kai wa Manzon Allah (SAW) da mahaifinta abinci a kogo lokacin hijira. Kai ka ce an san ita ma wannan jaririya hijira na jiranta.

Gidan da ta tashi ba gidan sarauta ba ne, ba kuma gidan dukiya ba. Gidan malamai ne, kuma malantar ba ta tsaya ga maza kaɗai ba. A cikin littafinsa Nurul Albab, Shehu ya zargi malaman da ke karantar da almajirai a zaure alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhun jahilci. Abin da ya faɗa kuwa shi ya aikata a gidansa. Asma'u ta ɗauki allo kamar yadda 'yan'uwanta maza suka ɗauka, ta haddace Alƙur'ani, ta shiga littattafan fiƙihu da tauhidi da Larabci. Yayarta Hadiza ma malama ce ta sosai. Daga baya an san Asma'u da harsuna huɗu: Fillanci, da Hausa, da Larabci, da Buzanci.

A lokacin nan ba wanda ya san amfanin da wannan karatu zai yi mata. Yarinya ce kawai mai wanke allo da safe, ta taya aikin gida da rana. Ashe guzuri ake ɗaure mata, irin guzurin da ba ya yi wa kai nauyi, ba kuma ɓarawon da ke iya ƙwace shi a hanya.

RANAR DA AKA BAR GIDA

Da jama'ar Shehu ta yi yawa, sai sarakunan Gobir suka fara jin tsoro. Sarki Nafata ya kafa doka cewa kada kowa ya yi wa'azi sai Shehu shi kaɗai, maza su bar naɗa rawani, mata su bar lulluɓi. Da Yunfa ya hau gadon sarauta abin ya ƙara tsanani. Aka kai wa garin Gimbana hari, inda wasu almajiran Shehu suke zaune. Daga nan Yunfa ya aiko wa Shehu cewa ya fita daga Ɗagel shi da iyalinsa kawai. Shehu ya ƙi rabuwa da jama'arsa. A watan Fabrairu na 1804 suka tashi gaba ɗaya, suka nufi wani wuri da ake kira Gudu, tafiyar kimanin mil 30.

Ke uwargida, ɗaga kai ki dubi ɗakinki. Dubi jerenki, da gadonki, da tukwanenki, da 'yan awakin da kike kiwo. A ce yau an ce ki fita kafin gari ya waye, me za ki ɗauka, me za ki bari? Abin da matan Ɗagel suka gamu da shi ke nan, Asma'u kuwa tana cikinsu, 'yar shekara 10 ko 11. Wani abu da ya kamata mu lura da shi, cikin kayan da aka fi kulawa da su a wannan tafiya akwai littattafan Shehu. A kan raƙuma aka ɗora su, da taimakon wani malami Buzu mai suna Agali. Yarinya mai wayo da ta ga an bar rumbu an ɗauki littafi, ai ba sai an gaya mata abin da ya fi daraja a gidansu ba.

A Gudu ne jama'a suka yi wa Shehu mubaya'a a gindin wata bishiyar faru. Ba gidaje, ba ganuwa, sai bukkoki da daji. Nan yarintar Asma'u ta ƙare.

SHEKARUN YUNWA DA YAƘI

A watan Yuni na 1804 aka gwabza a Tafkin Kwatto, jama'ar Shehu suka yi nasara a kan rundunar Gobir. Amma fa nasara ba ta cika tukunya. Mutanen da suka bar gonakinsu ba su da hatsi, tilas suka riƙa tashi daga wannan zango zuwa wancan suna neman abinci da makiyaya. Kafin shekarar ta ƙare aka yi musu mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, kusa da Alƙalawa babban birnin Gobir. Littattafan tarihi sun ce an kashe musu mutum wajen 2,000, cikinsu akwai mahaddata Alƙur'ani kimanin 200. Ki kwatanta yawan zawarawa da marayun da aka wayi gari da su a sansani rana ɗaya.

A 1805 suka gangara ƙasar Zamfara suka zauna a Sabon Gari, daga nan suka koma Gwandu. Wajen ƙarshen wannan shekara aka sake karya su a Alwasa, abokan gaba suka biyo su har bakin Gwandu, garin kuwa ba shi da ganuwa a lokacin. Mata da yara suna ciki suna jin ƙugin yaƙi, ba su san ko za su kai gobe ba. Da ƙyar aka kore maharan. Ga yunwa, ga cuta, ga dabbobi suna mutuwa. Haka aka yi ta fama har shekarar 1808, sa'ad da aka ci Alƙalawa, Yunfa ya mutu a wannan yaƙi.

'Yan'uwa, a nan ne nake so mu tsaya mu yi tunani. Cikin wannan tashin hankali duka, karatu bai tsaya ba a gidan Shehu. A 1806, yaƙi na ci, Shehu ya kammala babban littafinsa a kan wajibcin hijira. Ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello su ma ba su ajiye alƙalami ba. Asma'u ta fita Ɗagel tana 'yar allo, amma kafin ta cika shekara 30 ta rubuta littafi da Larabci. Wannan ya nuna mana cewa a bukka da zango ta yi karatun da ya mai da ita malama. Ba ta ce bari sai ƙura ta lafa ba, domin da ta jira, da ta tsufa tana jira.

Duk wadda ta taɓa shiga tashin hankali ta san cewa abin da ya fi cin rai shi ne rashin sanin abin da gobe za ta zo da shi. Maganinsa kuwa shi ne mutum ya riƙe ɗan abin da ke hannunsa, wanda yake yi kullum a kan lokaci: salla, da karatu, da shara, da sana'ar hannu. Ba ki da iko a kan yaƙi, ba ki da iko a kan farashin hatsi, amma kina da iko a kan abin da za ki yi tsakanin asuba da hantsi. Wannan ɗan iko shi ke riƙe hankali kada ya tashi.

AURE DA RASUWAR SHEHU

Wajen 1807 aka ɗaura mata aure da Giɗaɗo ɗan Laima, malami kuma aminin yayanta Bello. Allah ya ba su 'ya'ya maza, cikinsu har da Abdulƙadir wanda ya gaji ubansa a wazirci. A 1809 Bello ya kafa birnin Sakkwato. Shehu ya zauna a Sifawa na 'yan shekaru, ya komo Sakkwato a 1815, ya rasu a watan Afrilu na 1817. Ba a daɗe ba kuma Hassan, wanda suka zo duniya tare, ya bi bayansa. Asma'u tana da shekara 24 ke nan.

Rasuwar Shehu ta girgiza ƙasa. Garuruwa da dama suka warware mubaya'a, har Abdussalami, wanda tsohon almajirin Shehu ne, ya yi tawaye a Kware, nan kusa da Sakkwato. Bello ya zama Sarkin Musulmi, Giɗaɗo ya zama wazirinsa, dukansu biyu kullum suna bakin daga ko suna hanyar aike. Ga Asma'u da gida mai cike da baƙi, ga yara ƙanana, ga maraici. Wata da ta shige ɗaki ta ja ƙofa, ba kuwa mai ganin laifinta. Ita sai ta dubi abin da za ta iya yi. Ta shiga aikin tattara rubuce-rubucen mahaifinta da suka sha yawo a kan raƙuma, tana adana su don kada su salwanta. A 1820 ta rubuta nata littafin na Larabci, Tanbihul Gafilina, a kan kyawawan halaye.

Akwai wani labari na 1822 da nake ƙauna ƙwarai. Gobirawa da Buzaye sun haɗa kai sun nufo Sakkwato, gari ya cika da tsoro. Bello ya rubuta wa ƙanwarsa waƙa, ya gina farkon baitocinta a kan haruffan ayar nan ta Suratu Alam Nashraha da ke bushara da cewa sauƙi yana tare da tsanani. Asma'u ta mayar masa da amsa da tata waƙar ta Fillanci a kan haruffan wannan aya ɗin. Ku duba fa, abokan gaba suna tafe, amma wa da ƙanwa suna ƙarfafa wa juna zuciya da alƙalami. Ba ta ɓoye cewa ana cikin tsoro ba, amma ba ta bar tsoron ya zama shi ne maganar ƙarshe ba.

IN KIƊA YA SAUYA

Da daula ta kafu sai wata sabuwar matsala ta taso. Ɗagel ƙaramin wuri ne, kowa ya san kowa, kowa almajiri ne. Sakkwato kuwa da ƙauyukanta sun cika da mutane iri iri, galibinsu Hausa suke ji, ba Fillanci ko Larabci ba. Gaskiya ɗaya ce, mata da yawa a cikinsu yaƙi ne ya kawo su. Wasu an kamo su ne daga Gobir da Kabi da Zamfara, an raba su da danginsu, wasu kuma mazansu sun mutu a daga. Mace a cikin irin wannan hali tana neman abin da za ta jingina da shi, da yawansu kuwa bori suka sani tun a gida, shi suka koma wa.

Asma'u tana iya ci gaba da rubutun Larabcinta, malamai su yi ta yaba mata. Ai har wani malami da ya zo daga Shingiɗi, can ƙasar Muritaniya, ta yi wa maraba da waƙar Larabci. Amma ta gane cewa in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Sai ta raba aikinta. Malamai ta yi musu da Larabci, 'yan gida ta yi musu da Fillanci, sauran jama'a kuwa ta yi musu da Hausa. Ta kuma zaɓi waƙa, domin matar da ba ta iya karatu ba tana iya haddace waƙa, ta riƙa rera ta a bakin turmi, ko dutsen niƙa, ko tana kaɗi.

A 1831 ta mai da waƙar mahaifinta ta Fillanci zuwa Hausa, ita ce Tabbat Haƙiƙa, wadda ke gargaɗin masu mulki da talakawa baki ɗaya. Ta tsara sunayen surorin Alƙur'ani duka 114 cikin 'yar gajeruwar waƙa, da Fillanci da kuma Hausa. Da Bello ya rubuta littafi a kan salihan mata na tarihin Musulunci, ita ta mai da shi waƙa, wadda aka sani da Tawassuli Ga Mata Masu Albarka, ta kuma sa matan da ta sani da idonta a ciki, don mai sauraro ta san cewa nagarta ba ta ƙare a zamanin da ba. Wahalar hijira ma ba ta bar ta ta tafi a banza ba. Ta tsara labarin tafiyar zango zango cikin waƙar Fillanci, ƙanenta Isa ya mai da ita Hausa, ita ce Waƙar Gewaye.

Ku lura, manufarta ba ta taɓa sauyawa ba, watau ilmi ya kai ga mutane. Hanya ce kawai take sauyawa duk sa'ad da zamani ya juya. Mu kuwa sau da yawa hanyar muke riƙewa gam, har manufar ta kuɓuce mana.

'YAN TARU

Babban aikin da aka fi tunawa da ita a kansa shi ne na 'Yan Taru, wanda ta kafa wajen shekarun 1830 zuwa 1840. Ta ga cewa matar aure mai goyo a ƙauye ba ta da halin barin gidanta ta zo Sakkwato ko Wurno ɗaukar karatu. Ita ma Asma'u ba ta iya zaga ƙauyuka duka. To, yaya za a yi? Sai ta dubi waɗanda al'ada ba ta hana su tafiya ba, watau dattijan mata da suka gama haihuwa, da 'yan mata da ba su isa aure ba. Su za su zo su ɗauki karatu, su koma su juye wa waɗanda ke cikin gida.

Kowace ƙungiya tana da shugaba da ake kira jaji. Kalmar ta fatake ce, watau mai jan ayari. Asma'u da kanta take naɗa jaji, ta ba ta malfa, watau malafa, ta ɗaura mata jan rawani a kai. A nan ma akwai hikima. Malfa alama ce ta Innar Gobir, babbar mace ta gidan sarauta wadda ke shugabancin 'yan bori, matan ƙasar kuwa sun saba girmama mai sanye da ita. Asma'u ba ta ce a ƙone malfa ba. Ta ɗauke ta ta ɗora a kan malama, sai girman da ake ba tsohuwar alama ya koma kan ilmi.

Haka za ki ga ayarin mata sun taso daga ƙauye da ƙafa, jaji tana gaba, suna rera waƙoƙin da suka haddace. Suna ɗauke da 'yar sadakarsu ta hatsi, da zuma, da man shanu, da zare, Asma'u kuwa ta rarraba wa mabukata. Su kwana biyu suna koyon tsarki da salla da zaman aure da haƙƙin maƙwabci, su kawo matsalolinsu a warware musu, sa'an nan su koma gida. A ƙauyukansu su ne masu duba marasa lafiya, da wankan gawar mata, da sharar masallaci, da sulhunta masu faɗa.

Wannan tsari ya yi abu biyu. Ya kai ilmi inda malama ɗaya ba za ta iya kai shi ba. Ya kuma ba matan da yaƙi ya ɗaiɗaita sababbin 'yan'uwa da aikin yi. Matar da jiya take ganin ba ta da kowa, yau ga ta cikin ayari, ana jiranta, ana tambayarta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, zuciya ɗaya ma ba ta ɗaukar baƙin ciki ita kaɗai.

BA TA ƁOYE HAWAYENTA BA

Kada ku zaci ƙarfin zuciyar Nana Asma'u irin na dutse ne. Allah ya ba ta tsawon rai, mai tsawon rai kuwa shi ke ganin mutuwar nasa. Baffanta Abdullahi na Gwandu ya rasu wajen 1829. Bello, wanda ya zame mata wa kuma malami kuma abokin shawara, ya dawo daga yaƙin Gawakuke na 1836 da nasara, amma a 1837 ya rasu a Wurno. Bayansa mijinta Giɗaɗo ya tafi, haka 'yan'uwanta maza da mata, haka aminiyarta A'ishatu.

Kusan kowannensu ta yi masa waƙar makoki. A ciki takan faɗi zafin da take ji a fili, ba kunya, sa'an nan ta lissafa kyawawan halayen mamacin, ta yi masa addu'a, ta miƙa al'amari ga Allah. Abin sha'awa, da ta zo yabon Bello, ba yawan garuruwan da ya ci ta fi ba ƙarfi ba, sai ilminsa da adalcinsa da taimakon talakawa. Ba kuma manya kaɗai ta yi wa ba. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima, ta yi wa wata jajinta Hauwa'u, ta yi wa Zaharatu mai taimakon mata wajen haihuwa. Da ba don ita ba, da ba wanda zai san sunayen waɗannan bayin Allah a yau.

Mu mata an hore mu da dauriya, har wata takan haɗiye baƙin ciki shekara da shekaru, ya zame mata ciwo. 'Yar Shehu guda ba ta ga aibu ba a ce ta yi kewa, ta yi hawaye. Haƙuri ba shi ne yin shiru har zuciya ta kumbura ba. Ki sami wadda kika amince da ita ki faɗa mata. In kin iya rubutu, ki rubuta. In kuwa abin ya kai ga barci ya ƙaurace miki, abinci ya fita ranki mako da makonni, to ki je asibiti ki yi bayani, ba abin kunya ba ne.

RASUWARTA DA ABIN DA TA BARI

Nana Asma'u ta rasu wajen 1864 tana da shekara 70 da 'yan kai. An yi mata makwanci a Hubbare cikin Sakkwato, kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon 'Yan Taru. Turawa suka ci Sakkwato a 1903, zamani ya sake juyawa, amma ayarin mata bai daina zuwa ba, domin ta gina abin a kan mutane da yawa, ba a kanta ita kaɗai ba.

Takardunta sun tsira a gidan Waziri. Marigayi Waziri Junaidu, wanda jininta ne, shi ya buɗe wa wata malamar makaranta 'yar Ingila, Jean Boyd, taskarsa. Ita da Beverly Mack ta Amurka suka tattara ayyukan Nana kimanin 60, aka buga su a 1997. Ga kuma makarantun 'yan mata da ɗakunan kwanan ɗalibai da dama da aka sa wa sunanta.

To, 'yan'uwa, mu ma namu zamanin ba mai tabbas ba ne. Wasu ƙauyukan ƙasar da Nana ta ratsa tana yarinya, yau ma mata suna fita daga cikinsu da goyo a baya da ƙunshi a ka. Wadda ba ta yi gudu ba, tsadar abinci ta taɓa ta, ko aikin maigida ya tsaya, ko mutuwa ta shigo gida ba sallama.

Ku 'yan makaranta, yanzu ne lokacin ɗaure guzurinku. Kada wadda ta ce me karatu zai yi mini tunda aure zan yi. Asma'u ma ta yi aure, ta haifi 'ya'ya, ta riƙe gidan waziri, karatun ne kuwa ya riƙe ta sa'ad da komai ya kuɓuce. Ku iyaye mata, in wuya ta zo kada littafin 'yarku ya zama abin da za a fara yarwa. Ke kuma da kika ce girma ya zo miki, tuna cewa dattijai Nana ta naɗa wa rawani. In sana'arki ta mutu, koyi wata. In kin koma baƙon gari, koyi harshensu, ki nemi maƙwabta, ki shiga makarantar matan aure ko adashin unguwa. Kada ki zauna ke kaɗai.

Ita kuwa yarinyar nan ta ajina, ran nan ina tambayar wa zai buɗe mana da karatu, sai na ji wata siririyar murya daga bayan aji. Ashe ta yi nisa a allo tun a ƙauyensu. An ƙone musu rumbu, an kore musu shanu, amma wannan kam da shi ta fito. Yanzu ita ke biya wa ƙawayenta biyu karatu lokacin tara, har ta fara ɗaga kai in ana magana da ita.

Allah ya jiƙan Nana Asma'u, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa. Sai mun sake saduwa a wannan fili, in Allah ya kai mu.